Na'urar Blu-ray: ta 4K zan saya ko ta 1080 ta ishe ni?

Baban 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Ina da talabijin mai inci 55, an rubuta 4K da HDR a jikin kwalinsa. Ina kuma da tarin faya-fayan DVD da na daɗe ina ajiyewa, ba na son rabuwa da su. Na'urar da nake kunna su da ita ta gaji, sai ta yi ta juya faifai tana ƙara kafin ta karanta, wani lokacin ma ta tofo shi waje. Tunda dai sabuwa zan saya, na ce bari in haura zuwa Blu-ray gaba ɗaya. Sai na tarar iri biyu ce, akwai Blu-ray zalla, wato ta 1080, akwai kuma wadda aka rubuta wa Ultra HD, wato ta 4K. Shin bambancin ya kai a damu da shi? Kuma za ta kunna mini tsofaffin faya-fayaina? Ta ɓangaren sauti, ina da doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai tambayata ɗaya, wa ke sayen na'urar faifai a wannan zamani? Talabijin ɗinka na shiga intanet, duk fim ɗin da kake so yana can, har da 4K. Ka adana kuɗinka.

Tsohon Hannu:
Auta, yi haƙuri in saɓa maka. Sunan ne kawai ɗaya, amma 4K na intanet da 4K na faifai ba su tashi daidai ba. Netflix da kansu megabit 15 a daƙiƙa suke ba da shawarar a samu don kallon 4K. Faifan Blu-ray na 1080 kuwa an yarje masa ya kai megabit 40 a hoto kaɗai, na Ultra HD yakan haura 60 ko 70, ya ma doshi 100 a wurare masu wuya. Fim ɗin intanet tamkar babbar riga ce da aka dunƙule aka cusa a ƙaramar jaka: za ta iso maka, amma da yamutsa. Inda za ka kama yamutsar shi ne wurin duhu. Ka lura da fitowar dare, ko hayaƙi, ko sararin sama da almuru. A intanet sai ka ga launin ya yi hawa-hawa kamar matakala, baƙin ya yi dabbare-dabbare. A faifai yana zuwa sumul.

Na biyu, abin da ke intanet haya ce. Yau fim yana nan, gobe yarjejeniya ta ƙare an ɗauke shi, ba wanda zai tambaye ka. Faifan da ke kan kantarka ba mai shigowa ya ɗauke.

Auta:
Na ji Baba, amma ai ni ban taɓa ganin wannan matakalar ba.

Tsohon Hannu:
A waya kake kallo ɗana. Ranar da ka zauna gaban babban allo a ɗaki mai duhu za ka gani, kuma daga ranar ba za ka daina gani ba.

Injiniya:
Baban 'Yan Biyu, bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Eh, kowace na'urar Blu-ray tana kunna DVD. Ta Ultra HD tana kunna duka ukun: DVD, Blu-ray da faifan 4K. Amma ta Blu-ray zalla ba za ta taɓa karanta faifan 4K ba, ko da ka ga an rubuta 4K a gabanta. A nan mutane ke faɗawa rami. Wasu na'urorin na 1080 suna iya faɗaɗa hoto ya cika allon 4K, sai a manna musu tambarin 4K da manyan baƙaƙe. Abin da za ka nema shi ne cikakken tambarin Ultra HD Blu-ray. In ba shi, ba ita ba ce.

Ga yadda lissafin yake. Hoton DVD ɗigo 720 ne a kwance, 576 ko 480 a tsaye. Blu-ray 1920 da 1080. Ultra HD 3840 da 2160, wato ninki huɗu na Blu-ray. Ta wajen ɗauka, DVD gigabait 4.7 ne, mai hawa biyu 8.5. Blu-ray 25 ko 50. Na 4K ya kan zo da 66 ko 100. Girman faifan ɗaya ne, santimita 12. Abin da ya canza shi ne hasken lezar da ke karantawa: na DVD ja ne mai tsawon zango nanomita 650, na Blu-ray shuɗi mai ratsin shanshanbale, nanomita 405. Da yake ya fi siriri, yana iya karanta rubutun da aka matse ƙwarai.

Tsallen da idonka zai fi gani shi ne daga DVD zuwa Blu-ray. Wannan ko yaro zai gane. Daga Blu-ray zuwa 4K kuwa, magana ta koma kan nisan kujerarka da kuma ingancin talabijin ɗinka.

Malam Na Gefe:
Yauwa, a nan nake jiran ku. A allo mai inci 55, in kujera ta kai mita 3 daga talabijin, ido ba ya rarrabe 1080 da 2160. Sai ka matso kusan mita 2 ko ƙasa da haka. Kuma yawancin mutane nesa suke zama. Ƙari a kan haka, finafinai da yawa da ake sayarwa a faifan 4K, a 2K, wato kusan girman 1080, aka kammala aikinsu a situdiyo, aka faɗaɗa daga baya. Don haka ni shawarata ya sayi ta 1080 mai kyau, ya huta. Faya-fayanta ma sun fi yawa nesa ba kusa ba, tun 2006 ake buga su, na 4K kuwa sai 2016 suka fito.

Injiniya:
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka bar rabin zancen. Ribar faifan 4K ba a yawan ɗigo take ba, a HDR take, wato faɗin tazara tsakanin haske da duhu, da kuma yalwar launi. Blu-ray na 1080 launinsa bit 8 ne, kowane launi hawa 256. Na Ultra HD bit 10 ne, hawa 1024. Wannan ba ruwansa da nisan kujera. Ko daga bakin ƙofa kake kallo, za ka ga walƙiyar rana a kan ruwa ta bambanta, za ka ga fuskar mutum a cikin inuwa ba ta nutse ba. Hatta waɗancan finafinan da aka kammala a 2K suna cin wannan moriyar.

Amma akwai sharaɗi, kuma shi ya sa ba zan ce wa kowa ya ruga ba. Rubuta HDR a kwali ba ya nufin talabijin na da ƙarfin nuna shi. Ana shirya faifan ne a kan allo mai hasken nit 1000, wani lokaci 4000 (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo). Talabijin masu sauƙi da yawa ba sa wuce nit 300 ko makamancin haka. Irin wannan yana karɓar saƙon, amma dole ya matse shi, sai hoton ya fito dishi-dishi, har ka ga Blu-ray na yau da kullum ya fi shi armashi. Baban 'Yan Biyu, ka duba lambar samfurin talabijin ɗinka, ka nemi iyakar haskensa, ka kuma duba ko yana da Dolby Vision ko HDR10+.

Baban 'Yan Biyu:
Na gode Injiniya. Na duba, akwai Dolby Vision a jerin abubuwan da aka rubuta. Haskensa kuma matsakaici ne, ya ɗara wanda ka ambata amma bai kai 1000 ba. Kujerata ba ta da nisa, ɗakin ƙarami ne. Menene shi Dolby Vision ɗin ya fi sauran da shi?

Injiniya:
To kai ka shiga sahun waɗanda za su ci riba. Kowane faifan 4K mai HDR yana ɗauke da HDR10, shi ne tushe. Shi HDR10 bayani ɗaya yake bai wa talabijin game da hasken fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. Dolby Vision da HDR10+ suna ba da bayani fitowa bayan fitowa, don talabijin ya san yadda zai matse kowace. Talabijin mai matsakaicin haske irin naka shi ya fi buƙatar wannan taimako. Sai dai dole abu uku su haɗu: faifan ya zo da shi, na'urar ta iya shi, talabijin ya karɓa. In ɗaya ya gaza, za a koma HDR10, kuma ba abin ƙi ba ne. Masu talabijin ɗin Samsung su sani ba ya yin Dolby Vision sam, HDR10+ yake bi, don haka kada su wahalar da kansu nemansa a na'ura.

Ɗan Gem:
Me ya sa ba wanda ya ambaci na'urar wasa? PlayStation 5 mai ramin faifai tana kunna 4K, haka Xbox Series X mai ramin faifai. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, yara su yi wasa, kai ka yi kallo. Kada ku manta PlayStation 3 ce ta taimaka wa Blu-ray ya kayar da HD DVD, wani nau'in faifai da suka yi takara da shi. Ta fito a 2006 da Blu-ray a cikinta, miliyoyin gidaje suka samu na'ura ba tare da sun nema ba. Da kamfanin finafinai na Warner ya koma ɓangaren Blu-ray a watan Janairun 2008, wata ɗaya aka yi Toshiba, kamfanin da ke jagorantar HD DVD, ya miƙa wuya.

Tsohon Hannu:
Tarihinka daidai ne, na ga wannan yaƙin da idona, kuma na san waɗanda suka tara faya-fayan HD DVD suka rasa inda za su kai su. In mutum ya riga yana da na'urar wasan, ya gwada da ita tukuna, ba laifi. Amma a saye ta don kallo kawai, a'a. PlayStation 5 ba ta fitar da Dolby Vision, Xbox Series X ma ba ta yin sa daga faifai, sai a manhajojin intanet da wasanni. PlayStation 5 ba ta kunna CD na sauti. Ga fanka da ke huci a lokacin da fim ya yi tsit, ga cin wuta fiye da ƙaramar na'ura. Kuma a kula: Xbox Series S ba ta da ramin faifai, akwai PlayStation 5 da ake sayarwa ba shi, sannan PlayStation 4, har da Pro, Blu-ray na 1080 kawai take karantawa.

Ɗan Gem:
Na yarda da maganar Dolby Vision. Amma fankar nan ni ba ta dame ni ba, gaskiya. Kowa da kunnensa.

Auta:
To ni abin da na ji shi ne kamfanoni sun daina yin abin nan gaba ɗaya. An ce ma Sony ya rufe yin faifai. Ba za a sayi abin da zai mutu gobe ba?

Injiniya:
An cakuɗa labari biyu ne ƙanena. Abin da Sony ya daina bugawa a 2025 faifai ne fanko, wanda ake saya a naɗi abu a kai. Faya-fayan finafinai ana ci gaba da fitar da su. Amma ba zan ɓoye maka ba, masu ƙera na'urar sun ragu. Oppo ya fita a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Manyan da suka rage a hannun yawancin masu saye su ne Panasonic da Sony. Ni a wurina wannan dalili ne na mutum ya sayi mai ƙwari tun yanzu, in yana da faya-fayan da yake ƙauna.

Baban 'Yan Biyu:
To a cikin biyun nan wace za ku nuna mini?

Injiniya:
Wadda masu harkar suka fi yabawa a tsaka-tsaki ita ce Panasonic DP-UB820. Tana yin Dolby Vision da HDR10+, tana gane faifan da kanta, tana kuma da wani saiti da ake kira HDR Optimiser wanda ke matse hasken HDR10 tun daga na'urar gwargwadon ƙarfin talabijin. Ga irin allonka wannan babban abu ne. Ƙanwarta DP-UB420 tana da HDR10+ amma ba Dolby Vision. A ɓangaren Sony akwai UBP-X700 da UBP-X800M2, duka suna yin Dolby Vision, sai dai ba sa kunna shi da kansu: kai za ka shiga saiti ka kunna in faifan yana da shi, ka kashe in ba shi. Wani wannan ba komai ba ne a wurinsa, wani kuma zai gundure shi. Akwai DP-UB9000 can sama, amma yawancin ƙarin nata na masu manyan kayan sauti ne da jiki mai nauyi. Ga mai doguwar lasifika ɗaya, ba na ganin buƙatarta.

Malam Na Gefe:
Har yanzu ina kan bakata cewa mutum goma, bakwai ta 1080 ta ishe su. Amma tunda ɗakinsa ƙarami ne kuma allon na da ɗan haske, ba zan hana shi ba. Abu guda da ba ku faɗa masa ba, kuma shi ne zai iya ɓata masa rai tun ranar farko: shiyya. Tsofaffin na'urorin DVD da yawa ba sa tambaya, duk abin da ka saka sai su haɗiye. Sababbin nan na manyan kamfanoni suna bin doka sau da ƙafa. An raba DVD shiyya 6: ta 1 Amurka da Kanada, ta 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, ta 3 kudu maso gabashin Asiya, ta 4 Latin Amurka da Ostareliya, ta 5 yawancin Afirka da Indiya da Rasha, ta 6 Sin. Blu-ray kuma shiyya 3 ce da haruffa: A nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C Indiya da Sin da Rasha. Ka ɗauko faya-fayanka ka juya bayan kwalin, za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a ciki. In an rubuta 0 ko ALL, ko'ina zai yi. In lambobin sun sha bamban, to sai ka nemi na'urar da aka buɗe wa shiyya, ko ka ajiye wata ƙaramar DVD a gefe.

Tsohon Hannu:
Wannan magana ta Malam a riƙe ta da kyau. In ƙara da abu mai daɗi: faifan 4K ba shi da shiyya, daga ko'ina ka samo shi zai yi. Sai dai sau da yawa akan haɗo shi da na 1080 a kwali ɗaya, shi wannan na biyun yana iya zama a kulle. Sannan wanda zai sayo na'ura daga wata ƙasa ya karanta bayanta. Wadda aka yi don Amurka galibi wutar bolt 120 take ci, in ka soka ta a 220 ko 240 ta tafi ke nan. Wasu daga cikinsu kuma ba sa nuna faifan da aka buga a kan tsarin hoto 50 a daƙiƙa, irin na Turai. Kuma in akwai VCD a cikin tarinka, duba littafin na'urar, ba kowace ce ke karanta shi ba.

Hajiya Babba:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Ni matsalata jikoki ne. DVD nawa suka karce mini, ba su ƙirguwa. Shi wannan Blu-ray ɗin yana da juriya, ko shi ma lallaɓa shi ake yi?

Injiniya:
Ranki ya daɗe, yana da juriya ta wata fuska, yana da rauni ta wata. A DVD rubutun yana can tsakiya, milimita 0.6 daga fuska. A Blu-ray kuwa milimita 0.1 ne kacal, shi ya sa aka shafe fuskarsa da wani rufi mai tauri. Don haka bai cika karcewa ba kamar DVD. Amma shatin yatsa da maiƙo suna damunsa ƙwarai, musamman na 4K mai gigabait 100 wanda hawa uku ne. Sau da yawa in fim ya tsaya cak a tsakiya, ba na'urar ba ce, ɗan yatsa ne ya taɓa. A riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya. In za a goge, a sami ƙyalle mai laushi irin na tabarau, a goga daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada a bi da'ira. In kuwa ya yi karce mai zurfi, gogewa da inji ba ta cika cetonsa ba yadda take ceton DVD, saboda ba kauri da za a ci. A ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, nesa da rana da zafi.

Hajiya Babba:
Allah ya yi albarka. Zan ɗaga su can saman kanta inda hannu ba ya kaiwa. Wata tambayar: akwai tsohon talabijin a ɗakin baƙi, mai wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya. Zai yi da ita?

Injiniya:
Ba zai yi kai tsaye ba Hajiya. Tun wajen 2014 dokar kare faifan ta hana sababbin na'urori fitar da hoto ta irin waɗannan wayoyi, HDMI kawai suke da shi. Kuma ko an yi dabara an haɗa, hoton ba zai wuce na DVD ba. A bar wa wancan ɗakin na'urar DVD.

Baban 'Yan Biyu:
'Yan uwa na dawo. Na sayi ta 4K mai Dolby Vision. DVD ɗina sun yi, in ban da 'yan kaɗan da suka nuna saƙon shiyya kamar yadda Malam ya faɗa. Sun ma fi kyau a kan da, ko da yake ba su zama Blu-ray ba. Blu-ray na 1080 kuwa, gani ya kori ji, har zaren rigar mutum ina gani. Amma da na saka na 4K, launin ya fito fari-fari kamar an wanke shi, kuma alamar HDR da ke fitowa a kusurwar allo in ina kallo ta intanet ba ta fito ba. Wani ya ce mini wayar HDMI ce, sai na sayi mai bakin zinare.

Tsohon Hannu:
Kada ka saya tukuna. Bakin zinare ba ya ƙara launi ko ɗigo ɗaya. Saƙon lamba ne, ko ya iso ko bai iso ba. In waya ta gaza, abin da za ka gani shi ne allo na ɗaukewa, ko ƙananan taurari suna ƙyalli, ba launi mai wanki ba. Abin da ake buƙata shi ne waya mai shaidar Premium High Speed, mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa. Mai 48 ta masu wasan gem ce, faifai ba ya buƙatarta.

Injiniya:
Baba ya yi gaskiya. Laifin yana cikin saitin talabijin. Da yawansu suna zuwa da kafofin HDMI a tsohon tsari don su dace da tsofaffin kaya, sai kai ka buɗe su da hannunka, kuma kafa bayan kafa ake yi. A Samsung sunansa Input Signal Plus, a LG HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony Enhanced format. Sauran ma suna da makamancinsa. Ka kunna shi a kan lambar kafar da ka soka na'urar, ka kashe duka biyun ka sake kunnawa. Ka kuma duba ta ina wayar ta bi. In ta cikin lasifikar ka ratsa kafin ta kai talabijin, to wataƙila lasifikar ce ba ta wuce da HDR ko kariyar hana kwafi ta HDCP 2.2. Gwada kai tsaye daga na'ura zuwa talabijin.

Baban 'Yan Biyu:
Alhamdu lillahi, saitin ne. Ina kunnawa alamar Dolby Vision ta fito. Akwai wata fitowa da aka kunna fitila a cikin kogo, wallahi sai da na ɗan runtse ido, ga kuma duwatsun da ke cikin duhu duk ana ganinsu. Yanzu saura biyu. Motsin mutane ya yi santsi da yawa, kamar wasan kwaikwayon da aka ɗauka da kyamarar gida. Sannan lasifikata an rubuta mata Dolby Atmos, sautin nan mai kewaye mutum har ta sama, amma ba ta nuna shi, PCM take rubutawa.

Tsohon Hannu:
Na farkon shi ne abin da ya fi ba ni haushi a talabijin na zamani. Ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa, haka kuma yake a faifai. Talabijin sai ya ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa a tsakani don motsi ya yi sumul. Ga ƙwallo yana da amfani, ga fim ɓarna ce. LG na kiransa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Kashe shi. In talabijin ɗinka na da Filmmaker Mode, wanda aka ɓullo da shi a 2019, zaɓe shi kawai, zai kashe wannan da sauran ƙarin gishirin. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi ɗan ja-ja kuma ya rage ƙyalli, ka ba idonka lokaci. A na'urar kuma ka tabbata fitar da 24p a kunne yake. Baƙin layi sama da ƙasa ma kada ka ce za ka cike shi, haka aka ɗauki fim ɗin, ya fi allon faɗi. In ka zuƙo shi, gefe da gefe ka yanke. Haka ɗan hatsi-hatsin da za ka gani a tsofaffin finafinai, ba datti ba ne, jikin fim ɗin milimita 35 ne, kada ka sa saitin rage hayaniya ya shafe shi, da shi zai tafi da fatar fuska.

Injiniya:
Sautin kuma wuri biyu za ka duba. A saitin na'urar, ka mayar da fitar sauti zuwa Bitstream, wato ta tura sautin yadda yake a faifai ba tare da ta fassara shi zuwa PCM ba, sannan ka kashe abin da ake kira Secondary Audio, a Sony kuma BD Audio MIX. Muddin yana kunne, na'urar za ta haɗa sautin fim da ƙarar maɓallan menu, ta sauke shi, Atmos ya ɓace. Na biyu, hanyar da sautin ke bi. Atmos na faifai yana hawa ne a kan Dolby TrueHD, wanda ba a rage masa komai ba. Wayar haske, wato optical, ba ta iya ɗaukarsa, haka ma tsohuwar ARC, wato kafar HDMI da ke kai sauti daga talabijin zuwa lasifika, sai sabuwarta eARC. Ka duba bayan talabijin da na lasifikar ko an rubuta eARC, ka kunna shi a saiti, ka sa talabijin ya wuce da sautin yadda ya zo. In babu eARC, ga amfanin na'ura mai kafar HDMI biyu: ɗaya ta kai hoto talabijin, ɗaya ta kai sauti lasifika, in tana da kafar shiga. Ka sani kuma faya-fayai da yawa DTS-HD Master Audio suke ɗauke da shi, wani nau'in sauti ne da ba na Dolby ba, kuma ba kowane talabijin ke wuce da DTS ba. In ka saka faifai ka ji shiru ko sautin ya ragu, a irin wannan ne za ka bar na'urar ta fassara shi zuwa PCM da kanta.

Baban 'Yan Biyu:
Secondary Audio ɗin ne, a kunne ya zo. Na kashe, yanzu Atmos na fitowa. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Malam Na Gefe:
Madalla. Ka haɗa ta da intanet ko sau ɗaya ka sabunta manhajarta, domin wani sabon faifan yakan ƙi tashi a kan tsohuwar manhaja. Kada a kashe wuta tana cikin sabuntawa. Ka kuma bar mata sarari ta sha iska, kada ka ɗora ta a kan amfilifaya ko wani abu mai zafi, kuma ka riƙa cire faifai in ka gama. Waɗancan DVD ɗin da suka ƙi, wace lamba ce a bayansu?

Baban 'Yan Biyu:
Lamba 1 ce Malam, na'urar kuma 2 aka rubuta mata da harafin B.

Malam Na Gefe:
To na Amurka ne. Kada ka yar da tsohuwar na'urarka tukuna. Sau da yawa ƙura ce ke kwanciya a kan idon lezar, ka sa mai gyara ya buɗe ya share shi, wataƙila ta ci gaba da yi maka waɗannan.

Auta:
Yaya, in na zo da faifai ɗaya da kuma fim ɗin a intanet, za ka bar ni in gwada su a talabijin ɗinka ɗaya bayan ɗaya? Ina son in ga matakalar nan da Baba ke faɗa.

Baban 'Yan Biyu:
Zo da dare, a kashe fitila. Ka zaɓo wanda yake da fitowar duhu da yawa.